Ƙafar da Ba ta Cikin Wasa

Baba Gwiwa lafiyarsa ƙalau, amma duk ranar Talata sai ka gan shi ya shiga asibitin koyarwa yana tafiya garau, ya ɓuya bayan labule, ya fito yana ɗingishi kamar wanda jaki ya taka. Aikinsa ke nan tun da ya yi ritaya daga gidan waya: ciwon ƙarya. Kada kuma wani ya yi masa kallon raini, don a garin kaf ba a samu wanda ya kai shi iya ciwon gwiwa ba, har a cikin masu ciwon na gaske.

Ga yadda abin yake. A bayan asibitin akwai makarantar da ake koyar da gashin ƙashi, wato aikin waɗanda ke motsa gaɓoɓin majinyaci, su sake koya wa jiki tashi da zama da tafiya bayan karaya ko shanyewa. To ba a sakin ɗalibi a kan marar lafiya na gaske haka kawai. Sai an fara gwada hannunsa a kan mai lafiya, wanda za a ba labarin ciwo ya haddace, ya kwanta a gado ya yi kamar nasa ne. Labarin da aka ba Baba na wani mutum ne da ya faɗo daga tsani yana gyaran kwanon ɗakinsa, gwiwar dama ta bugu. Shekara da shekaru yana faɗowa daga wannan tsanin, har ɗalibai suka manta ainihin sunansa suka laƙaba masa Baba Gwiwa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Ya san aikinsa ciki da bai. Ya san daidai inda za a lanƙwasa ƙafar ya ja iska ta haƙora, da inda zai ce "wash", da inda zai damƙe gefen katifa bai ce uffan ba. Ɗalibin da ya zo da garaje ya fizgi ƙafar, sai Baba ya ƙwala masa ihu har malamai su ɗago kai. Wanda ya gaishe shi, ya nemi izini kafin ya taɓa, sai ya sassauta masa. Abokin aikinsa Baba Ƙugu, tsohon direba mai wasan ciwon baya, shi ba ruwansa da wannan fasaha. Tun ɗalibi yana wanke hannu yake fara salati. Ya daɗe yana hangen gadon gwiwa, don a cewarsa mai ciwon baya kullum a kife yake, ba a ganin fuskarsa.

Doka ɗaya Madam, shugabar sashen, ta kafa wa masu wannan wasan, kuma ba ta lanƙwasa ta ko don waye: mai ciwon gaske ba ya hawa gadon ciwon ƙarya. Ta ce zai rikita ɗalibai, kuma ana iya ji masa rauni. Baba ya ga dokar ta yi aiki a kan Baba Kafaɗa, wanda kafaɗarsa ta tashi daga wasa ta koma gaske. Aka yi masa godiya, aka ba shi agogon bango, aka sallame shi. Yanzu in ka bi ta layinsu za ka same shi a ƙofar gida da rediyo a cinya, yana bin masu wucewa da ido. Wannan zaman shi Baba Gwiwa yake tsoro fiye da kowane ciwo. Ya ɗanɗana shi a farkon ritayarsa, lokacin da gari kan waye ya rasa dalilin da zai sa ya goge takalmi, bai kuwa ji daɗinsa ba. Talata ce kaɗai ranar da har yanzu akwai masu jiransa, masu duba agogo in ya makara.

A wannan shekarar makarantar ta shiga wani aiki da ya hana malamai sakat. An kafa kwamiti ya rubuta abubuwan da lalle sai ɗalibi ya iya kafin a ba shi shaidar kammalawa, a ce ya je ya taɓa jikin mutane. Kai ka ce magana ce ta zama ɗaya. Ina! Damina ta zo ta wuce suna nan a ɗakin taro, a ƙarƙashin fankar da kukanta ya fi iskarta yawa. Baba ya san labarin tas, don sau da yawa shi ake kira ya hau kan tebur a yi gardama a kan gwiwarsa.

Wasu abubuwan an daidaita a kansu ba wuya. Ɗalibi ya iya sauraron majinyaci, ya iya auna lanƙwasar gaɓa da ƙarfin tsoka, ya iya tsara motsa jiki daidai da halin mutum, ya iya koya masa riƙe sanda, ya kuma rubuta abin da ya gani yadda wani zai karanta ya gane. Inda aka cije shi ne wata magana guda ta Madam.

"Ina so a rubuta cewa ɗalibi ya san inda aikinsa ya tsaya," in ji ta. "Ya san ranar da zai ɗauke hannunsa ya ce wannan ba nawa ba ne, a kai shi wurin likita."

Farfesa, dattijo mai sanyin murya wanda ya koyar da rabin mutanen ɗakin, ya cire tabarau yana gogewa da bakin rigarsa.

"Madam, ban ƙi ta taki ba. Wa zai ƙi? Amma gaya mini yadda zan ba ta maki. Gwiwa in ta lanƙwasu ina da abin awo. Ɗauke hannu da me zan auna shi? Kowane malalacin ɗalibi sai ya naɗe hannu ya ce mini ya san iyakarsa."

"To don ba mu da sikeli sai mu ce kayan ba su da nauyi?"

"A'a, sai mu ce ba mu san abin da za mu rubuta ba."

Baba yana kwance a kan tebur da ƙafar wando a naɗe, sai ya yi gyaran murya.

"Ranku ya daɗe, in kun gama da gwiwar ku ba ni abata, ta fara yin sanyi."

Aka kwashe da dariya, taro ya tashi a kan haka. Aka tsai da shawara cewa abubuwan da aka amince da su za a gwada su a jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Maganar Madam kuwa aka ce a ajiye ta zuwa wani zama, kuma duk wanda ya taɓa zama a kwamiti ya san abin da ake nufi da wani zama.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawar, 'yar Baba ta haihu a wani gari mai nisa, ya shirya ya tafi ganin jika. Wuni guda cur a bas, an cusa shi a kujerar baya, buhun wani a ƙarƙashin ƙafafunsa, ba halin miƙewa. Ya ɗauki jaririyar, ya rantse hancinsa ta ɗebo, ya kwana, ya sake hawo wata bas ɗin da ta fi ta farko matsi, duk don kada ya rasa Talatarsa. Da ya dawo sai ya fara jin sha-raɓarsa ta yi nauyi. Washegari ta kumbura, ta ɗauki zafi, in ya taka sai ya ji kamar ana ja masa jijiya daga ciki. Kuma ta hagu ce, ƙafar da ba ta cikin wasa.

Matarsa, wadda ta daɗe da haddace tafiyarsa tun daga bakin ƙofa, ta bi shi da kallo yana tsallaka falo.

"Baban yara, ka manta ne? Ta dama ce ta aiki."

"Sabon darasi aka ba ni."

"Darasin ne ya hana takalminka shiga?"

"Ke dai ba kya rabo da sa ido. Gajiyar mota ce."

"To zauna in ɗauko man zafi in murza maka ita, kafin gobe ta saki."

"A'a! Bar ta kawai."

Ba don ya san wani abu ya ƙi ba. Ya san dai in ta taɓa wurin zai yi ƙara, ita kuwa ta san bambancin ƙararsa ta aiki da ta gaske.

"Ai gobe asibitin za ka. Ka ce su duba ka mana."

"In an gama jarrabawa."

"Mutum yana kwance a tsakiyar likitoci yana ɓoyon ciwo! Ni ban taɓa ganin mai zama a bakin rijiya yana kukan ƙishirwa ba sai kai."

Ya yi kamar bai ji ba. Shi ya riga ya gama shirinsa: ya daure ya fita daga jarrabawar lami lafiya, sannan ya sulale wani ƙaramin asibiti a can wata unguwa inda ba wanda ya san shi, a ba shi ƙwaya, magana ta mutu.

Ranar jarrabawa ya zaɓi wandonsa mafi faɗi, ya sa silifa maimakon takalmi. Babban ɗakin motsa jiki an raba shi da labulaye, kowane lungu da gadonsa da majinyacinsa na ƙarya da malami mai ba da maki. In ƙararrawa ta kaɗa ɗalibi ya shiga, in ta sake kaɗawa ya fita, ko ya gama ko bai gama ba. Lungun gwiwa Farfesa ne da kansa, yana zaune a kujera can ta wajen dama da takardar maki a cinya. A ƙa'ida malami ba ya tashi, ba ya taɓa majinyaci, nasa ido ne da biro.

A nan ne Baba ya gane wahalar da ya saya wa kansa. Mai ɗingishin dama a kan hagu yake ɗora nauyinsa. Duk ɗalibin da ya ce, "Baba, ɗan taka mu gani," sai bawan Allah ya lallaɓa ƙafar da lafiyarta ƙalau, ya jibga jikinsa a kan mai ciwon. Zufa ta karyo masa, fuskarsa ta yamutse da kanta ba sai ya sa ta ba. Farfesa ya riƙa gyaɗa kai, har tsakanin fitar wani ɗalibi da shigowar wani ya raɗa masa, "Baba, yau ka fi kullum."

"Ƙwarewa ce, ranka ya daɗe."

Ɗalibai suka yi ta shigowa suna fita. Littafi ya ce a kwatanta gaɓa mai ciwo da 'yar'uwarta mai lafiya, kowa kuma ya san da haka, amma wanda ƙararrawa ke bi a baya ba ya tsayawa dogon kallo. Sai su naɗe ƙafar wandon dama, su ɗan dafa gwiwar hagu ta saman yadi, su ce, "Wannan lafiya ko, Baba?" Ya ce, "Lafiya lau," su wuce. Har ya fara jin cewa ya sha.

Sai ga Hawainiya ta ɗaga labule. 'Yan ajinsu ne suka sa mata sunan, don ba ta ɗaga ƙafa sai ta duba inda za ta ajiye ta. Bara ƙararrawa ce ta kayar da ita, ta riske ta tana tsakiyar awo, ta maimaita shekara. In ta sake faɗuwa bana, ita da makarantar sai dai labari. Baba yana jin yarinyar a ransa, don ita kaɗai ce ke murza tafukanta su yi ɗumi kafin ta taɓa mutum. Tun da safe ya yi niyyar taimaka mata, ya riƙa ba ta amsa gajeru-gajeru don ta riga ƙararrawa.

Ta gaishe shi, ta saurari labarin tsani, ta nemi izini, ta naɗe ƙafar wandon dama. Sai ta zagaya gadon, kafin ya ankara ta naɗe ta hagu ita ma.

Ta tsaya cak. Ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ta ɗora bayan hannunta a kan sha-raɓar hagu a hankali, ta mayar kan ta dama, ta sake dawowa.

"Baba, yaushe wannan ta fara?"

"'Yata, kin ɓata hanya. Ga mai ciwon can. Daga tsani na faɗo, ina gyaran kwano..."

"Na ji na tsani. Wannan nake tambaya. Ka yi doguwar tafiya kwanan nan? Ka daɗe a zaune wuri ɗaya?"

Baba ya dake. "Ni da gwiwa ta hana fita, ina zan je?"

"Numfashinka fa? Ba ka jin komai a ƙirji?"

"Ɗaliba," Farfesa ya ce daga kujerarsa, "lokaci ba ya jira. Gwiwar dama aka ba ki."

"Farfesa, a yi mini afuwa, ba zan motsa shi ba, ba kuma zan sa shi ya taka ba. Ƙafar hagu ta kumbura, tana da zafi. Ina tsoron jini ne ya daskare a jijiya. Likita ya kamata ya gan shi yanzu."

Farfesa ya ɗago, ya leƙo ta saman tabarau. Amma Baba ya riga ya saki ƙafar wandon, ya ja zanin gado ya rufe ta.

"Baba, akwai abin da ke damunka da gaske?" in ji Farfesa.

Baba ya kalli silin. Ba abin da ya gani a wurin sai ƙofar gida da rediyo.

"Ni? Ko ƙwarzane. Haka Allah ya yi ni, ranka ya daɗe, ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Yarinyar ta tsorata ne."

Farfesa ya daɗe da sanin Baba, bai kuma taɓa kama shi da wata ƙarya ba ban da wadda aka ɗauke shi aiki ya yi. Don haka ya yarda.

"To kin ji. Ci gaba da gwiwa, kina da sauran lokaci."

Hawainiya ta san abin da tsayuwar nan za ta jawo mata. Duk da haka ta mai da hannuwanta baya ta harɗe su.

"Ba zan iya ba, Farfesa."

Ƙararrawa ta kaɗa. Farfesa ya yi ajiyar zuciya, ya ja dogon layi daga saman takardar har ƙasa. Baba bai ga layin ba, amma ya ji ƙarar biron. Yarinyar ta kai bakin labule, sai ta waiwayo, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Baba, ni tawa ta ƙare, ba don maki nake faɗa ba. Don Allah kada ka bari kowa ya matsa ƙafar nan. Ka je a duba ka yau, ba gobe ba."

Ta fita.

Kunya ta lulluɓe Baba tun daga kai har ƙafar da yake ɓoyo. Shekarun nan duk yana ƙarya ne don yara su koyi aiki, yau kuma ya yi wadda ta kayar da yarinyar da ta fi kowa buɗe ido. In ya yi shiru, Talatarsa tana nan, ita kuwa ta tattara littattafanta ta koma gida. In ya yi magana, sai agogon bango. Gaba kura, baya sayaki. Ta ƙarƙashin labule yana hangen takalman ɗalibin da zai shigo, har ya fara gyara tsayuwa.

"Farfesa, sa a dakatar da ƙararrawar nan." Ya yaye zanin gado, ya naɗe wandon da hannunsa. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Taso ka gani."

Farfesa ya taso. Kallo ɗaya ya yi, takardar maki ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa.

"Subhanallahi! Baba, kada ka motsa, kada ka sauko! A kawo keken marasa lafiya!"

Ranar ce ɗalibai suka fara sanin cewa Farfesa ya iya ɗaga murya. Da kansa ya kama keken ya tura, rigarsa tana tashi, yana tafe yana faɗa.

"Tun yaushe?"

"Tun da na dawo daga ganin jika."

"Kuma ka bari na yaba maka!"

"Ai yabon ne ya riƙe ni, ranka ya daɗe."

Baba Ƙugu ya leƙo daga lungunsa, rigarsa a kafaɗa. "Lafiya? Ina za a kai shi? To gwiwar fa, wa zai riƙe?"

"Kai," in ji Madam, wadda ta iso da gudu.

Abin nema ya samu. Kafin keken ya sha kwana, Baba ya waiwaya ya hango mutumin yana gwajin ɗingishi da ƙafa biyu a lokaci guda.

"Ta dama, kai! Ta dama kaɗai!"

Iyakar miƙa aikin da ya samu damar yi ke nan.

A sashen gaggawa aka ɗauki hoton ƙafar, aka ga gudan jini ya toshe jijiya, kamar yadda yarinyar ta ji tsoro. Aka yi masa allura, aka ba shi gado. Matarsa ta iso da kular abinci da jakarta daidai lokacin da likitar ke bayani.

"Allah ya taimake ka, Baba. Irin wannan ba a murza shi, ba a yi masa tausa. Da an matsa wurin da ƙarfi, gudan yana iya ɓallewa ya bi jini har huhu. Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi."

Matar ta nemi kujera ta zauna daɓas. Ta buɗe jakarta a hankali, ta fito da kwalbar man zafi. Ashe ta taho da shi ne da niyyar ko ya so ko ya ƙi yau sai ta murza. Ta dubi kwalbar, ta dubi mijinta, hawaye suka zubo mata.

"Kin ga amfanin taurin kaina," in ji Baba a hankali.

"Yi mini shiru, baban yara. Wallahi da ba a kwance kake ba, da yau ka ji abin da ba ka taɓa ji ba."

Duk da haka sai da ya ji. Ta yi masa faɗa har abincin ya huce, tana faɗa tana gyara masa matashi, maƙwabcinsa na gado yana cewa, "Ƙara masa, Hajiya, ni tawa ba ta zo ba yau."

Washegari da la'asar Madam ta zo duba shi. Ta zauna a bakin gado, ba ta yi wata kwana-kwana ba.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, don kai ne gwani a wannan fannin. Za ka daɗe kana shan maganin tsinka jini, ƙaramin bugu ma sai ya zame maka matsala. Ba zan iya sake ɗora ka a gadon ɗalibai ba."

Ya san za a faɗa, amma sani bai hana abin ya soke shi ba.

"Na sani, Madam. Yarinyar fa?"

"Farfesa ya soke layin da ya ja. Amma ka san halinsa, ya ce ba zai ba ta makin gwiwar da ba ta auna ba. An sake ba ta lungun yau da safe, a kan Baba Ƙugu."

"Wayyo 'yata!"

"Tun tana gaishe shi ya fara kiran iyayensa. Duk da haka ta gama kafin ƙararrawa. Ta ci, Baba."

Ya lumshe ido ya yi hamdala, ya daɗe bai buɗe ba.

"Maganar taki ta kwamiti fa? Har yanzu tana jiran wani zama?"

"Ta shiga. Farfesa ne ma ya rubuta ta da hannunsa, ya sa ta a sama da sauran. Yanzu gardamar da muke yi ita ce yadda za mu riƙa gwada ta ba tare da mun kashe kowa ba."

Ya yi dariya har ƙafar ta amsa. Amma da Madam ta tafi, dariyar ta bi ta. Ya juya fuskarsa bango, ya ƙi shayi, ya ƙi hira. Matarsa ta tsokane shi ta nan, ta tsokane shi ta can, ta ce ga hoton jikarsa a waya hancin ya fara komawa irin nata ba nasa ba, ko motsi bai yi ba. Ita ta san ba ƙafar ce ke masa ciwo ba, don haka ta ƙyale shi.

Da hantsi washegari sai ya ji takun takalma da yawa sun tsaya a bayansa. Ya juyo. Farfesa ne, da garken 'yan ajin tsakiya sanye da fararen riguna, suna ta raɓe-raɓe.

"Baba, roƙo na zo yi, kuma kana da ikon cewa a'a. Yaran nan sun karanta irin ciwonka a littafi, amma ba wanda ya taɓa ganinsa da ido. Na tambayi likitarka, ta ce in ka yarda ba laifi su duba."

Baba ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yunƙura ya tashi zaune.

"Uwar yara, miƙo mini hulata. Ɗaga mini matashin nan kuma." Ya yaye bargo, ya jera ƙafafun biyu kusa da juna. "Ku matso mana, daga nesa ba a ganin komai. Ku dubi wannan, ku dubi waccan. Da bayan hannu ake taɓawa, a hankali, ba a matsawa. Kai dogo, zo nan gaba, ba cizo nake ba."

Suka yi layi. Wannan ya taɓa ya zaro ido, waccan ta taɓa ta rubuta wani abu a tafin hannunta.

"Kuma ku buɗe kunne," in ji Baba. "In mai irin wannan ƙafar ya ce muku lafiyarsa lau, kada ku yarda. Ni na faɗa, kuma ba wanda ya kai ni iya faɗa."

Yaran suka yi dariya. Matarsa ta juya baya tana gyara kwanukan da ba su bukatar gyara, tana goge ido da gefen mayafi. Da na ƙarshe ya ɗauke hannunsa, Baba ya kamo bakin rigar Farfesa, ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, in akwai wani ajin a hanzarta a kawo su. Likita ta ce kumburin ya fara sacewa."